Yadda Ake Kai Dattijo Lambu da Wurin Kiwo a Kaduna, a Kuma Taya Mai Gona Aiki

Yawancin dattawan da ke zaune a Kaduna yau ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Aiki ne ya kawo su. Wasu jirgin ƙasa, wasu soja, wasu masaƙun Kakuri tun daga 1957 da aka buɗe ta farko, wasu kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya soma aiki a 1975, wasu kuma matatar mai da aka buɗe a 1980. Kafin su zo, kusan kowannensu ya riƙe fartanya, ya kai tumaki kiwo. Matan kuwa da wuya a sami wadda ba ta taɓa mallakar akuya ko kaza ba tun tana gidan ubanta. Yau ga shi an yi ritaya, ƙafa ta yi nauyi, 'ya'ya sun gina gida, sun malale tsakar gida da siminti, sun sa ƙyauren ƙarfe. Baba daga ɗaki sai masallaci, Inna daga ɗaki sai falo. Ana ba su abinci da magani a kan kari, amma idan gari ya waye babu abin da ke jiran hannunsu, babu kuma mai neman shawararsu.

Irin wannan zama yana cin mutum a hankali. Shi ya sa a Turai aka mai da kai marasa lafiya da tsofaffi wurin dabbobi wani reshe na jinya. Wani gidan kula da masu taɓin hankali da aka buɗe a garin York na Ingila a 1796 ya riƙa ajiye zomaye da kaji a farfajiyarsa domin majinyata su kula da su. A Holan a yau akwai gonaki da yawa da ke karɓar masu gigin tsufa su wuni suna ba dabbobi abinci, suna tsintar ƙwai. Abin da aka lura da shi shi ne kaɗaici na raguwa, mai yawan fushi kan lafa, wanda ya daina magana kan buɗe baki, jiki ya motsa, abinci ya shiga. Ba ya warkar da hawan jini ko ciwon suga ko mantuwa, kuma ba hujja ba ce ta barin maganin asibiti ko na rana ɗaya.

Mu nan ba sai mun jira an gina mana irin waɗannan wurare ba. Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyar gari, lambuna na gefensa, kuma da wuya ka sami unguwar da babu mai turke ko mai akurki. Sharaɗin dai shi ne kada a kai dattijo a matsayin ɗan kallo. A ba shi ɗan aikin da yake nasa, da dabbar da za ta saba da shi, a riƙa zuwa a kai a kai. Kai kuma da ka kawo shi, ka biya mai gona da guminka.

Mataki na farko: fara da shi dattijon

Kada ka shirya komai sai ka ji ta bakinsa. Ka zauna bayan la'asar ka ja shi da hira kan gonar gidansu: me suke shukawa, wace dabba ya fi sabawa da ita, wace ce ba ya so. Wani ɗan tattabaru ne tun yana yaro, wani ba abin da yake ƙauna kamar doki, wata kuma sa ya taɓa tunkuyinta tana ƙarama, har yau ba ta son ganin mai ƙaho. Wannan hirar ce za ta nuna maka irin wurin da za ka nema.

Yadda za ka gabatar da maganar ma abin lura ne. Idan ka ce, "Baba, za mu kai ka gona domin lafiyarka," da wuya ya yarda, don babu dattijon da ke son a mai da shi abin lallaɓawa. Ka ce, "Baba, ina so in fara taya wani mai lambu aiki ranar Asabar, ni kuwa ban san kan noma ba. Ko za ka raka ni ka riƙa nuna mini?" Wannan gaskiya ce, ba dabara ba, domin ya fi ka sani nesa ba kusa ba. Idan ya ƙi, ka bar maganar, ka sake ɗauko ta bayan sallar Juma'a ta gaba.

Daga nan sai likitansa. Ranar da za ku je karɓar magani ka faɗa wa likita abin da kake shirin yi. Mai asma ko tsohon tari bai kamata ya shiga ɗakin kaji ba, saboda ƙurar dusa da kashin kaji. Mai ciwon suga ƙaramin rauni a ƙafa na iya zame masa gyambo, don haka babu shi babu silifas a gona. Wanda ke shan maganin tsinka jini, ɗan yakushin zomo ma zai daɗe bai tsaya ba. Wanda ake yi wa jinyar ciwon daji ko wankin ƙoda, garkuwar jikinsa ta yi rauni, sai likita ya yarda kafin ya taɓa dabba. Ka kuma tambayi allurar tetanas, taka da tasa, domin ƙwayar cutar a ƙasa da taki take zama.

Mataki na biyu: nemo gonar

A gefen kogi da ƙoramun da ke zuba cikinsa ake noman rani: wajajen Rafin Guza, Malali, Unguwar Rimi, Kabala, har zuwa Nasarawa. Masu kiwo kuwa suna cikin unguwanni, a Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Mando, Badarawa, wani a bayan gida, wani a filin da bai kai ga ginawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai sayar maka da alayyafo daga wane lambu yake saro shi, ko mai sayar da dusa da harawa wa ya fi yi masa ciniki a unguwa. Mai unguwa da liman sun san kowa, haka nan shugabannin coci ga waɗanda ke can. Malaman gona da ma'aikatan asibitin dabbobi su ma sun san wanda ke yi wa dabbobinsa rigakafi da wanda ba ya yi, kuma wannan sani ne mai tsada.

A Zango da ke Tudun Wada za ka sami labarin masu kiwo, amma kada ka kai tsoho can. Kasuwa ce, dabbobin baƙi ne, a firgice suke, daga garuruwa daban-daban aka kwaso su.

Ni a ganina kusa ta fi kyau. Lambun da za ku isa cikin minti 15 ko 20 a keke napep ya fi babbar gona mai kyan gani da ke bayan gari, domin tafiya mai nisa tana gajiyar da tsoho tun kafin a isa, kuɗin mota kuma shi ne abin da ke fara kashe irin wannan niyya. Ga kuma sha'anin tsaro: ku tsaya cikin gari, inda jama'a ke kai da kawowa, ku je da rana ku dawo da rana.

Mataki na uku: ka je kai kaɗai tukuna

Ka je da safe, lokacin ban ruwa. Ka yi sallama daga bakin gona, kada ka taka fangali. "Salamu alaikum, Malam, sannu da aiki. Allah ya ba da yabanya." Bayan gaisuwa ka faɗi ko kai wane ne, ɗan wace unguwa, wa ya turo ka. Sannan ka shiga magana kai tsaye: "Mahaifina ne ya manyanta, manomi ne a da, zaman gida ya ishe shi. Ina neman alfarma in riƙa kawo shi sau ɗaya a mako ya zauna a inuwa, ni kuma in taya ka duk aikin da ka sa ni." Ka fayyace masa cewa ba fili kake nema ba, ba kuma daga wata hukuma kake ba, domin masu lambun bakin kogi da yawa aron fili ko haya suke yi, baƙon fuska na tayar musu da hankali.

Ku yi maganar kuɗi tun ranar. Yawanci zai ce, "Haba, ai babu komai." Ka gode masa, amma kada ka tsaya nan. Ka riƙa sayen kayan miyan gidanku a wurinsa a farashin kasuwa ba tare da neman ragi ba, wani lokaci ka zo da kwanon dusa ko litar fetur ta injin ban ruwa. Alfarmar da ɓangare ɗaya kaɗai ke ɗauka ba ta daɗewa.

Yayin da kuke magana, idonka na aiki. Daga inda keke zai tsaya zuwa inuwa taku nawa ne? Akwai gangare, rami, tiyon ban ruwa a kan hanya, ko rijiyar da ba a rufe ba? Wannan ba ƙaramin abu ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma karayar ƙugu ga tsoho takan zama kwanciyar da ba a tashi. Ka duba inda za a zagaya, da inda za a yi alwala. Ka duba dabbobin: ido garau, gashi na sheƙi, suna tuƙa, wurin kwanansu a bushe? Idan ka ga majina, zawo, ƙuraje a baki ko kaji sun yi lagwas sun saki fiffike, ka yi sallama cikin mutunci ka nemi wani wuri. Ka shinshina ruwan da ake ba shukar. Wasu lambunan da ruwan kwata suke ban ruwa, irin wannan ba wurin zaman tsoho ba ne. A ƙarshe ka tambayi ranar da yake feshin maganin ƙwari, domin ranar da kashegarinta ba na zuwa ba ne.

Mataki na huɗu: ka fara aikin kai da kanka

Ka yi zuwa biyu ko uku kai kaɗai kafin ka kawo kowa. Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai a nan kai kaɗai ne gayyar, don haka ka cika alkawari. Idan ka ce ƙarfe 7, ƙarfe 7 ta yi maka a can. Manomi da ya tsara dashen tumatir da hannu huɗu, ya wayi gari da biyu, ba zai sake dogara da kai ba.

Aikin yana bin lokaci. Daga Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ake gyaran fangali, a zuba taki, a yi dashen tumatir, tattasai, attarugu, kabeji da latas, a yafa karas da alayyafo. Tsakiyar hunturu ban ruwa ne da cirar ciyawa. Wajen Fabrairu da Maris ɗiba ce da ɗaurin ganye da loda kwanduna. Idan damina ta sauka, wajen Mayu, sai masara, kuɓewa, yakuwa da rama. A turke kuwa aikin ba ya canzawa: share kashi, wanke kwanon ruwa, jiƙa dusa, yankan ciyawa, tura baro zuwa juji. Sabon zuwa da shara da ɗaukar kaya yake farawa, kada ka raina. Kada kuma ka cire wani tsiro sai ka tambaya, domin jaririn karas da ciyawa kusan kamarsu ɗaya ga wanda bai saba ba.

Ka zo da takalmin roba mai tsawo, safar hannu, malafa da ruwan shanka. Kada ka zura hannu cikin tarin kara ko ƙarƙashin dutse, sai ka fara motsa shi da sanda. Bakin kogi gidan maciji ne da kunama. Kuma don Allah, ko da ka yi karatun noma a Samaru, ka riƙe shawararka sai an nema. Hoto ma sai da izini.

A cikin waɗannan zuwan ne za ka share hanyar da Baba zai bi, ka cike ramuka, ka daidaita wurin da kujerarsa za ta zauna. A nan ne kuma za ka gane halin kowace dabba.

Mataki na biyar: zaɓar dabba

Wannan shi ne inda ya kamata a daɗe ana tunani. A Turai da Amurka kare aka fi amfani da shi, mu kuwa yawancin iyayenmu ba za su sake da shi ba, kuma babu dalilin tilasta musu. Muna da waɗanda suka fi dacewa da mu.

Tunkiya mai hankali, wadda aka raina a gida ta saba da hannu, ita ce ta farko a wurina. Ba ta da rawar kai, tsayinta daidai da hannun wanda ke zaune a kujera, kuma tana gane mai ba ta abinci cikin 'yan makonni. 'Yar ƙasa ta fi Balami da Uda sauƙi, don waɗannan biyun manya ne, ko da wasa suka goge mutum sai ya tangaɗa. Jar akuya tana da wayo da ban dariya, tana sa mutum magana ko bai yi niyya ba, sai dai tana ɗane-ɗane, tana jan gefen riga, don haka a bar ta a ɗaure a turke, dattijon ya matso gare ta. 'Ya'yan awaki kuwa babu tsohon da ba sa sa shi murmushi. A dai lura da uwar, domin mai sabuwar haihuwa ba ta son a kusanci ɗanta.

Zomo ya dace da wanda ba ya iya tashi. A shimfiɗa tawul a cinya, a ɗora shi, hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a ƙarƙashin gindinsa. Kada a ɗaga shi ta kunne kamar yadda yara ke yi, yana jin zafi, zai yi harbi da ƙafar baya ya yakushi fata, fatar tsoho kuwa ba ta da kauri. Tattabaru da kajin gida da zabi ba sai an taɓa su ba. Watsa musu hatsi, kallon yadda suke sauka, tsintar ƙwai, wannan ma ya isa.

Waɗanda za a nisanta su ne ragon da ake turkawa don layya, bunsuru, sa, da talo-talo namiji mai bin mutane. Doki da jaki sai mai su na riƙe da linzami, kuma ba a bi ta bayansu. Tsohon da ya yi hawa a ƙuruciyarsa zai so ya shafa wuyan doki, a bar shi ya yi daga gefen kafaɗa, wani na tsaye a bayansa.

Wani abu da kiwo ke bai wa tsoho shi ne abin jira. Kaza kwana 21 take kwanci, zomanya wata guda take ɗaukar ciki, akuya da tunkiya wata 5, alayyafo kuma cikin mako 4 ya isa yanka. Mutumin da ranakunsa suka zama iri ɗaya, idan ya fara ƙirga saura kwana nawa a ƙyanƙyashe, za ka ji shi da kansa yana tambaya, "Yau ba Asabar ba ce?"

Mataki na shida: ranar farko

Ku fita bayan ya karya kumallo ya sha maganinsa. A bazara, wato Maris da Afrilu, ku isa da ƙarfe 7 ku bar wurin kafin 9, zafin Kaduna a wannan lokaci ba na wasa ba ne. A hunturu ku jira rana ta ɗan ɗaga, wajen ƙarfe 10, da rigar sanyi da takunkumi saboda ƙura. Ka ɗauki kujera mai makari da wurin ɗora hannu, ba kujerar tsuguno ba, don tashi daga ƙasa shi ne wahalar. Sai ruwan sha, sabulu, buta, sandarsa, takalmi mai rufe ƙafa, da dabino ko alewa idan mai ciwon suga ne, ko da sugansa zai sauka.

Da kun isa, ka gabatar da shi ga mai gona, ka ja baya su gaisa irin ta manya. Ka zaunar da shi ya huta, ya kalli wurin. Kada ka yi saurin jawo dabba. Bayan kamar minti 10 sai mai gona ya kawo tunkiyar ta gefe, ba ta gaba ba, a riƙe da igiya. A sa wa dattijon 'yar harawa ko ganyen zogale a tafin hannu a buɗe, yatsu a miƙe. Idan ta ci, ya shafa wuyanta ko kafaɗarta. Ba a dafa goshin mai ƙaho, tunkuyi yake koya masa.

Sannan aikin. Ya zama ƙarami amma na gaske: ɓarar wake, tsince iri, ɗaurin alayyafo, zuba ƙasa a ledar renon zogale, jiƙa dusa da ɗan gishiri da kanwa. Tun kafin ranar ka roƙi mai gona ya tambaye shi wani abu da yake son sani da gaske, kamar yadda ake adana irin kuɓewa ko alamar tunkiya ta kusa haihuwa. Idan Baba ya fara bayani, kada ka katse shi, ko da ya zarce zuwa labarin farin 1973.

Minti 30 zuwa 45 sun isa ranar farko. Ku tashi tun yana jin daɗi, kada ku jira ya gaji. Idan ka ga haki, jiri, gumi mai yawa ko ya dafe ƙirji, babu jira, sai asibiti.

Idan Inna ce, 'yarta ko surukarta ko jikanya ta raka ta, kuma sau da yawa gidan wata mai kiwo a cikin unguwa ya fi mata lambun bakin kogi, inda maza ne ke aiki. Matan Kaduna da yawa na kiwon awaki, kaji da zomaye a tsakar gida. Ki je ki ce, "Hajiya, Innarmu ce ke kewar kiwo, ko za ki bari ta riƙa zuwa kuna ba su abinci tare?" Sai ta sami dabba, ta kuma sami abokiyar hira.

Mataki na bakwai: tsabta, kuma babu sassauci a nan

A wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu daga buta bayan an taɓa dabba, kafin a ci goro, kafin a sha ruwa, kafin a hau keke. Ba a cin abinci a turke. Takalmin gona a cire shi a ƙofar gida. Ɗanyen nono da aka tatsa yanzu, ko da an ba ku don karamci, sai an tafasa, domin tarin fuka na shanu da cutar bakkale ta nan suke shiga mutum. Ganyen da kuka zo da shi a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye. Da kun dawo a duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale.

Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya ba a taɓa ta, ba a feɗe ta, likitan dabbobi ake kira. A Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks, mai kashe dabba farat ɗaya, a wata gona a Suleja, maƙwabtanmu. Kuma kada mu manta, karo na farko da aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi. Saboda haka idan mai kajin gidan gona ya hana ku shiga ɗakin kajinsa, ko ya ce ku tsoma takalmi a ruwan magani, ba wulaƙanci ba ne, dukiyarsa yake karewa, ku ma yana kare ku. Kada ku shiga gidajen kaji biyu a rana ɗaya. Idan kare ko kyanwa ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar. Mai juna biyu da ta rako tsohuwa ta nisanci dabbar da ke haihuwa ko wadda ta yi ɓari.

Mataki na takwas: mai gigin tsufa da mai shanyewar ɓarin jiki

Waɗannan su suka fi amfana, su kuma suka fi bukatar kula. Mai mantuwa a kai shi da safe, domin ruɗewa ta fi tashi idan yamma ta yi. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kujera ɗaya, dabba ɗaya, kada a riƙa canzawa. Mutum guda ya zama ba shi da aikin komai sai kallonsa, musamman kusa da ruwa. Kada a yi masa jarrabawa da "Kaka, ka tuna sunanta?" Idan ya kira akuyar da sunan wadda ya yi kiwo shekara 60 da suka wuce, a bar shi, ba wurin gyara ba ne. A ɓoye maganin feshi da takin zamani daga inda hannunsa zai kai.

Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, a tambayi mai yi masa gashi da motsa jiki irin aikin da ya dace. Sau da yawa shafar bayan tunkiya da buroshi, ko ɗibar hatsi da hannun da ya raunana, motsa jiki ne da zai yi da son ransa, alhali a gida sai an yi ta fama.

Mataki na tara: yadda abin zai ɗore

Sau ɗaya a mako ba fashi ya fi sau uku a mako guda sannan a ɓace wata biyu. Ku raba kwanakin tsakanin 'yan'uwa, jikoki su shigo ciki ranar da babu makaranta. Idan maƙwabta sun gani sun yi sha'awa, dattawa 3 ko 4 sun isa a zuwa ɗaya, kowanne da mai rakiyarsa, kuma sai mai gona ya amince da ƙarin. Ka riƙa lura bayan kowane zuwa: ya ci abinci, ya yi barci, ya yi hira, ko ciwon gwiwa ya tashi? Abin da ka gani shi zai gaya maka ko a ƙara lokaci ko a rage, shi ne kuma za ka faɗa wa likita.

Akwai abin da mutane ke mantawa. Dabbar mai gona jarinsa ce, ranar da bukata ta taso zai kai ta Zango, kuma yana da gaskiya. Tsohon da ya shaƙu da ita, ya zo ya tarar da turke wayam, zai ji ciwon da ba zai faɗa maka ba. Maganin wannan shi ne, idan da hali, ka saya masa tasa, mace ta haihuwa, a bar ta a can bisa yarjejeniya: kai ke kawo dusa da kuɗin rigakafi, a raba 'ya'ya yadda kuka shirya, a gaban shaidu biyu. Idan babu hali, ka roƙi mai gona ya sanar da ku mako guda kafin ya sayar. Idan kuma mutuwa ta yi, a faɗa masa gaskiya. Wanda ya yi kiwo ya san ana asara.

A Agusta da Satumba kogi kan cika ya haura gonakin gefensa, hanya ta yi santsi, sauro ya yi yawa. Ku dakatar da zuwa bakin kogi har ruwa ya janye, amma kada a yanke abin gaba ɗaya. A cika tsofaffin buhuna 4 ko 5 da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda gindinsu, a ɗora su kan bulo yadda ba sai an sunkuya ba, a shuka alayyafo, yakuwa da attarugu. A sa kejin zomaye biyu ko 'yan tattabaru a inuwa, nesa da tagar ɗakin kwana, wani yaro ya ɗauki nauyin shara, ban ruwa da ba da abinci kuwa a bar wa dattijon. Haka za a yi wa wanda jikinsa ya kai inda ba ya iya fita ko da rani. Kai kuma ka ci gaba da leƙa mai lambu a waɗannan watanni, domin bayan ambaliya ne ya fi bukatar hannu wajen kwashe yashi da tayar da fangali kafin dashen Nuwamba.